Akayau a Ƙafar Baba

Kwanakin baya babbar 'yata ta zo gaishe ni, ta same ni ina matsa tafin ƙafata, don ciwon sugan da na gada ya fara yi mini sallama ta can. Ta zaro waya ta nuna mini wata na'ura da aka ƙera a ƙasar waje. Wai wata 'yar shimfiɗa ce ake sawa cikin takalmi, da maɗauri a ƙwauri. In mai matacciyar ƙafa ya karkata, shimfiɗar ta ji, sai maɗaurin ya ɗan girgiza masa fata a inda jiki ke da sauran rai, ya gyara tsayuwa kafin ya kai ƙasa. Na kalla, na sake kallo, dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Ta ɓata rai, ta zaci raina abin na yi. Na ce mata ta zauna, ai ranar sunanta aka ƙera irin wannan a gidanmu, tana ta barcinta.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi, ita ce shekarar da na koma gida haihuwar fari. Gidanmu yana wani ƙauyen masunta a bakin tafki, ba nisa da Wara. Babana Basarke ne, masunci ɗan masunci gaba da baya, kuma a duk kayan kamun kifi ba abin da ya ɗauka da daraja sai birgi, ragar nan mai da'ira da dalma a bakinta, wadda ake jefawa daga tsaye a goshin kwalekwale. Masu kafa raga su tafi gida su kwanta, Baba bai lissafa su cikin masunta ba. Yakan ce kowa na iya tsayawa a tudu, har akuya, amma Basarke da tafin ƙafa yake jin abin da ruwa ke shirin yi. Mutum ne mai faɗa da saurin hucewa, ni ma haka nake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To wannan tafin ƙafar da yake taƙama da shi, shi ya fara mutuwa. Da farko abin dariya muka mai da shi. Ya dawo daga masallaci da takalmi wari ɗaya, bai san ya bar ɗayan a hanya ba. Dariyar ta tsaya ranar da Inna ta ga jini a tabarma, ta ɗaga ƙafarsa ta iske ƙugiya ta shige dunduniya, shi kuwa yana ta ba da labari. Ya ce ji yake kamar a kan auduga yake tafiya. In ya rufe ido zai wanke fuska wajen alwala, sai ka ga ya tafi luu, sai an tare. Yayana, wanda ke tuƙa masa kwalekwale, ya sa shi a jirgi ya kai shi asibitin Yelwa. Likita ya ce suga ne ya ci jijiyoyin ƙafa, ya hana shi shayin nan nasa da cokali ke tsayawa a ciki, ya ce a riƙa duba masa ƙafa kullum, kada a bari ko ƙwarzane ya kwana. Ya kuma ce ya nemi sanda. Baba ya karɓi magani, maganar sanda kuwa ya bar wa likita kayarsa.

Ina da tsohon ciki abin ya faru. Da hantsi ne, mata cike da bakin ruwa ana wanki. Baba ya miƙe a goshin kwalekwale, ya juya, ya saki birgi, ya bi bayansa. Tsundum. Mata suka sa shewa, don Basarke ya faɗa ruwa ba kullum ake gani ba. Amma bai taso ba. Ragar ta naɗe shi, dalma na jan shi ƙasa, sai da yayana ya nutsa ya yanko shi. Kafin rigarsa ta bushe Inna ta naɗe birgin, ta tura ƙarƙashin gadonta, ta hau ta zauna.

Ta ce, "Malam, ruwan ga ya ci ƙanena tun tabkin na sabo. Ba shi cin mijina ina da rai."

Baba ya ce, "Ke, tun ba a haihe ki ba nike bisa ruwa."

"Yau dai ƙarƙashinai anka ɗauko ka."

Daga nan Baba ya zama mutumin rumfa. Ga sandar da ya ƙi a jingine kusa da shi, ga ragar wasu yana ɗinke musu, idonsa na kan ruwa. Ya rage ci, ya rage faɗa, kuma raguwar faɗan ce ta fi tayar mini da hankali. Ni 'yar gaban goshinsa ce, na san in ba a mai da shi goshin kwalekwale ba, zaman nan zai ƙarasa abin da ruwa ya fara. Na kuma san Inna ba ƙarya ta yi ba. Haka na haihu, raina rabe biyu.

Baba yana da wani amini Bakambare, manomi, daga wani ƙauye can cikin tudu ta wajen Ngaski. Mu 'ya'ya Baban tudu muke ce masa. Tun kafin a datse kogi a yi tafkin suke tare, shi ya kawo dawa ya koma da bandar kifi. Addinin kakanninsa yake bi. Shekara da shekaru Baba na kiran sa zuwa salla, shi kuma yana kiran Baba zuwa gona, ba wanda ya amsa wa wani, ba kuma wanda ya yi fushi. Gwanin rawa ne a garinsu, in an yi girbi shi ke gaba. Ranar suna, bayan an raɗa, an yanka rago, sai muka ji cas, cas, cas daga bakin hanya. Ya shigo da akayau a ƙafa biyu, ƙarafan nan da masu rawa ke ɗaurawa, kowanne kamar ɗan kwanso da tsakuwa a ciki, jere a jikin fata. Ya taka, ya juya, ya tayar da ƙura, mata na guɗa. Ina leƙe ta ƙofar ɗaki da jaririya a cinya.

Da ya gaji ya tsaya gaban Baba yana haki. Kowa ya san jika mace amaryar kakanta ce, ta nan ya shigo masa.

"Basarke, an yi maka amarya kana zaune awa buhun gishiri? Tashi ka taka."

"Tahi can, arnen banza. Ni ka rawa?"

Baban tudu ya yi wa wasu tsofaffi biyu ido, abokan wasan Baba, suka danne shi. Baban tudu ya kwance akayau ya zo ɗaura wa Baba, sai ya ga idon sawun a kumbure, fatar ba ta zagaya. Ya riƙa tsunkulin ƙafar yana hawa sama, Baba na zagi bai ji komai ba, har ya kai tsakiyar ƙwauri Baba ya ce wash. Nan ya ɗaure, ƙafa biyu, tamau. Sannan ya fizge hular Baba, ya haɗa da sandar, ya zura da gudu.

A taɓa komai na Baba ban da hula. Ya miƙe ya bi shi. Ya ratsa tsakar gida, ya kewaye murhun banda, ya tsallake turmi da ke kwance, cas, cas, cas, yana ambaton kakannin Baban tudu ɗaya bayan ɗaya, sai a bakin ƙofa ya cafke shi ya ƙwace hularsa. Da ya juyo zai ci gaba da faɗa ya ga gida ya yi tsit. Inna na tsaye da ludayi, miya na ɗiga a zaninta. Baba ya dubi rumfar da ya baro, ya dubi ƙafarsa. Sai ya karkata dama a hankali, ya dawo, ya karkata hagu. Ya rufe ido, abin da ya daɗe bai yi a tsaye ba. Ya yi tangaɗi kaɗan, ya tsaya.

Ya ce, "Ƙarhen ga na bugu na ta wajen da za ni hwaɗi. Kuma in ƙahwa ta sauka ina ji da kunne."

Baban tudu, wanda shi ma mamakin ya kama shi, ya yi maza ya mai da abin kamar da gangan ya yi. Ya ce, "Aro na ba ka. Randa ka koyi noma ka maido."

An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Baba ya kama akayau. Dattijon da ke sahun gaba a masallaci, ga shi yana yawo a gari da kayan rawar girbi, yara na bin sa suna tafi. A ƙofar masallaci yake kwancewa ya cusa a aljihu, ya shiga da dafa bango. Inna ta ce ya zubar mata da mutunci a kasuwar Wara, har masu sayen kifi daga Kwantagora sun ji labari. Jaririyata kuwa da ta ji cas-cas sai ta yi shiru tana zare ido, Baba ya ce ai amarya ta san takun angonta. Ni da nake fama da ruwan zafi safe da yamma da kunun kanwa, wannan ne kaɗai nishaɗina.

Ba a daɗe ba ya zo ƙofar ɗakin Inna ya tsaya, ya gyara murya, ya nemi birginsa. Na gyara zama don in ji yaƙi. Sai kawai Inna ta sunkuya ta jawo shi, ta kakkaɓe, ta miƙa masa hannu biyu.

"Ga shi, Malam. Allah shi ba da sa'a."

Baba ya karɓa yana kallon ta kamar wanda aka ba kyautar maciji. Ni ma ban gane ba sai da yamma. Inna 'yar masunta ce, ta san abin da murna ta mantar da Baba. Mai birgi da sanɗa yake zuwa wa kifi, ko tari ba ya yi, mai tuƙi ma a hankali yake tsoma gora. Kuma cikin kwalekwale duk abin da ya yi ƙara, katako na kai wa ruwa. Baba ya tsaya daram, ya jefa, bai faɗi ba, amma duk kifin da ke tsakanin garinmu da tsallake ya ji zuwansa tun daga gaɓa. Ya dawo da ciyawa da wani tsohon takalmi. Inna na tankaɗe tana 'yar waƙarta.

Lissafinta shi ne zai gaji ya bari. Bai gaji ba. Kullum ya fita, kullum ya dawo hannu rabbana, ya zauna ya share tuwo kwano biyu, ya yi wa kowa faɗa kamar da. Sauran masunta ne suka gaji. Da sun ji shi tafe sai su ce ga makaɗi nan, kowa ya naɗe kayansa. Wata ranar bayan la'asar dattawan masunta suka zo rumfa, abokansa na ƙuruciya, suka yi ta kewaye-kewaye kafin su faɗi abin da ya kawo su. Suna da iyali, kifi ya yi nisa, su dai roƙo suke ya yi haƙuri ya bar ruwa. Ba su faɗi da wulaƙanci ba, kuma gaskiya suka faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Da Inna ce ta hana shi, da ya yi faɗa. Wannan karon miƙewa kawai ya yi. Ya raka su ƙofa, ya dawo ya kwance akayau ya ajiye gefen tabarma, ya juya wa ruwa baya ya kwanta. Tuwon ranar kaji suka ci.

Inna ta ci nasara, amma ban ga ta yi waƙa ba. Kwana biyu tana kai da kawo, tana yi wa tukwane faɗa. Rana ta uku ta shigo ɗakina da akayau ƙunshe a zani, ta jawo matashin da ta zo da shi gidan aure, ta farke shi da reza. Ta zauna ta riƙa cusa audugar rimi cikin kowane ƙarfe da tsinken tsintsiya har tsakuwar ta daina motsi, sannan ta naɗe kowanne da ƙyalle don kada su bugi juna. Ta shimfiɗa wa fatar yadi mai laushi ta ciki, don ba ta manta gargaɗin likita ba. Ta girgiza a kunnena. Shiru. Ta buga mini a ƙwauri, na ce wash.

Na ce, "Inna, ba ke ce ba ki so ba?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Har gobe ban so. Amma gara ruwa shi ci shi yana tsaye, da tabarma ta cinye min shi kwance ina kallo."

Na yi kuka, ta ce in rufe mata baki kada in tsinka ruwan nono.

Sharaɗi ɗaya ta kafa, igiya a ƙugunsa, bakinta ɗaure a ƙugun yayana. Baba ya ce shi ba tunkiya ba ne. Ta ce to birgi ya koma ƙarƙashin gado. Ya ɗaura igiya.

Na riga na yi arba'in, don haka na goya 'yata na bi su bakin ruwa da sassafe. Inna ta ce ita tana da aiki, amma na hango ta bayan tarin itacen banda. Kwalekwale ya zame ba ƙara. Baba ya miƙe a goshi, wandonsa ya rufe komai, ba mai cewa akwai wani abu a ƙafarsa. Na ga yana ɗan motsa gwiwa, yana sauraron abin da ƙarfe ke gaya masa. Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya juya kafaɗa ya saki, birgi ya buɗe a sama kamar faifai, ya sauka gaba ɗaya. Baba na nan tsaye. Wani daga cikin dattawan da suka zo rumfa yana can cikin nasa kwalekwalen, ya ɗaga masa gora sama, bai yi magana ba don kada ya kori kifi.

Karfasa ce 'yan madaidaita ya kawo, ba abin a zo a gani ba. Ya zube su gaban Inna yana hura hanci. Ta juya ɗaya da yatsa ta ce, "Wanga na anka hana mu barci sabo da shi?" Amma ba ta sa su a banda ba. Ta yi farfesu, ta hana kowa kan kifin, ta cinye abinta. Ranar Juma'a kuma Baba ya shiga masallaci bai dafa bango ba, ya yi sallarsa a tsaye a sahun gaba, da kayan rawar Baban tudu a ƙarƙashin wando. Da Baban tudu ya ji, ya ce to ko ba komai ƙarfensa ya riga shi musulunta.

Na koma ɗakina a Yelwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, Baba na kan ruwa. Sai dai ciwon bai tsaya inda muka bar shi ba. Duk zuwan da zan yi gida, in na zauna duba masa ƙafa, sai in ga shatin maɗaurin ya ƙara hawa. Inna ce ke ɗaura masa kowace safiya, ta tsunkula, ta tsunkula, har ya ce wash. Daga tsakiyar ƙwauri ya koma sharaɓa, daga sharaɓa ya matso gindin gwiwa. Ba wanda ya taɓa yin zancen. Idonsa ma ya fara hazo.

Ina gida ranar da abin ya ƙare, 'yata har tana gudu. Sun fita kamar kullum, ba a jima ba sai ga su sun dawo, birgi a bushe. Yayana ya gaya mini daga baya cewa Baba ya miƙe, ya daɗe a tsaye, sai ya zauna da kansa a tsakiyar kwalekwale, ya kwance igiyar birgi daga wuyan hannunsa ya ɗaura a na yayan nawa, ya ce su juya. Ba faɗuwa ya yi ba, kuma har ya bar duniya yana tuna wa mutane haka. Ya shigo dafe da kafaɗar yayana, ya zauna a rumfa, ya kwance akayau ya tura gaban Inna.

"A maida ma mai shi. Ya bar yi min magana."

Inna ta ɗauka ta shiga ɗaki. Na zaci ajiyewa za ta yi. Sai ga ta da tsinken tsintsiya, ta zauna gabansa, ta warware ƙyallayen nan da suka sha ruwa da rana, ta riƙa zaƙulo audugar ɗaya bayan ɗaya, duk ta yi baƙi ta dunƙule. Ta girgiza, cas, cas. Ta jawo ƙafarsa ta ɗaura.

Baba ya ce, "Mi za ni yi da shi? Na ce miki ban ji."

"Wa yac ce kai za ka ji? Na san halinka, ba ka kiran kowa in za ka tashi. A da, kihi muka ɓoye ma, yanzu ba kihi. Ni ka son jin inda kake."

Ya yi ƙunƙuni, ya ce an mai da shi akuyar Fulani, amma bai kwance ba. Haka ya yi sauran shekarunsa, da sanda a hannu da ƙara a ƙafa. Inna na madafi ko tana bakin murhun banda, kunnenta na wajensa. Ta san cas-cas ɗin zuwa alwala, ta san na zuwa rumfa, ta san na satar hanya zuwa bakin ruwa, wanda kafin ya kai ƙofa ta aika a taro shi. In ƙarar ta rikice ta yar da abin da ke hannunta ta ruga. Ko da zai kwanta ba ya cirewa, sassautawa kawai take yi masa.

Ranar da ya rasu ba wanda ya gaya mata. Ta tashi da asuba ta hura wuta ta ɗora ruwan kunu, kamar yadda ta saba, tana jiran ta ji ya sauko da ƙafa daga gado. Aka kira salla, aka tayar, aka sallame. Ruwa ya tafasa. Inna ta sauke tukunyar, ta janye itacen, ta je ta buga wa yayana ƙofa.